Yashin Nana Zuhura

Na yi aikin akawu a kotun alƙali ta Lamu har gashin kaina ya yi fari, kuma shari'un gadon da na rubuta a tsawon wannan zamani sun koya mini cewa zumunci abu ne mai ƙarfi ƙwarai matuƙar ba a zo rabon gida ba. Da na yi ritaya, dattawan zuriyar Mwenye Kombo suka damƙa mini makullin rumbun wakafinsu. Ba wata baiwa suka hango a tare da ni ba. Kakata ta wajen uwa 'yar gidan ce, saboda haka na yi kusancin da za a amince da ni, na kuma yi nisan da ba za a aiko mini da kwando ba.

Mwenye Kombo attajiri ne na zamanin da jiragen ruwa ke jiran iska kafin su tashi. Ya bar gonar kwakwa a bayan gari da jerin kantuna a bakin teku, ya yi wakafinsu ga mabuƙata daga cikin zuriyarsa har abada. Amma mutumin ya san jininsa. Ya san jikokinsa za su iya kwana da yunwa su wayi gari suna sakace a dakali, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai buɗe baki ya ce a taimake shi. Don haka ya gindaya sharaɗi. Duk farkon wata, jakuna za su kai kwando ɗaya kowane gida na zuriyar, gidan mai shi da gidan marar shi, da shinkafa da man shanu da sukari da gahawa a ciki, an ɗinke bakinsa da murfin kaba. Washegari jakunan su koma su kwaso kwandunan, a ɗinke kamar yadda aka kai su. Gidan da ba ya buƙata ya maido da kayan. Gidan da ke buƙata ya juye kayan, ya cika kwandon da yashi daidai nauyinsa. Babu gidan dutse a Lamu da ba shi da tsibin yashi a lungu don wanke tukwane, saboda haka ba wanda zai tambayi wani ina za shi da yashi. Mai makulli ne kaɗai ke farke ɗinkin, a cikin rumbu, ƙofa a rufe, ya zubar da yashin a bayan gini, ya adana shinkafar da ta dawo don wata mai zuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan dabara ta ɓoye wa kowa wani abu. Garin da maƙwabci ke jin tarin maƙwabcinsa ta cikin bango ba a ɓoye talauci a cikinsa. Kowa ya san gidan da rufinsa ke yoyo, da gidan da aka daina jin ƙamshin nama. Abin da kwandon ya hana shi ne a faɗa. Mutum yana iya sani, amma ba shi da hujja, kuma a wurinmu abin da ba shi da hujja bai faru ba. Da wannan zuriyar ta rayu shekaru aru-aru kanta a ɗage, kuma ban taɓa jin wata zuriya a duk gaɓar teku da ta yi abin da ya fi shi kyau ba.

Gida ɗaya ne ya ɓata wa tsarin suna: gidan Bwana Abudi, wanda ya fi kowa dukiya a zuriyar, mai jiragen kamun kifi da masauƙin baƙi a Shela. Tun zamanin mahaifinsa yashi gidan ke maidowa, kuma ba a ɓoye ba. Da rana tsaka barorinsa ke zuwa bakin teku su ɗebo, suna waƙa. Mutane suka yi ta zagin rowarsu, amma sharaɗin wakafi ya hana tambaya, sai aka bar su da halinsu.

Ana nan sai mai riƙon wakafin ya rasu, riƙo ya faɗa hannun Fadhil, wanda ya yi shekaru yana aikin ofis a Mombasa. Mutum ne mai gaskiya da son alheri, kuma waɗannan halaye biyu, idan suka haɗu da gaggawa, ba ƙaramar ɓarna suke yi ba. Ya zauna da ni a rumbu wata safiya yana kallon yadda nake zubar da yashi.

"Bwana Sudi," ya ce mini, "wato muna ciyar da jakuna su kai shinkafa yawon shan iska ta dawo, sauran kuma su kawo mana bakin teku cikin gari?"

"Haka na tarar," na ce.

"Kuma Abudi yana ci."

"Ni dai yashi nake gani. Ba ya zuwa da suna."

Ya kai maganar gaban dattawa a dakalin masallaci bayan la'asar. Ya ce daga yau gidajen da ke da buƙata ta gaskiya su kaɗai za a kai wa kwando, kuma za a ninka musu abin da ke ciki, tunda an huta da asarar hanya da cin masu hali. Magana ce mai ma'ana, ba wanda zai iya kushe ta a fili. Bwana Abudi yana Maskat a lokacin. Dattawan da suka rage, rabinsu ba sa ji sosai, rabin kuma suna jin kunyar a ce sun tsaya kare kwandon da ake kai wa gidajensu. Aka shafa fatiha.

Cikin gidajen da Fadhil ya ware har da na ƙanwar mahaifinsa, Nana Zuhura. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu tun da daɗewa, ba ta da ɗa a raye, tana zaune ita kaɗai a gidan kakanninta mai hawa uku, wanda hawan farko ne kawai bai zama na jemagu ba. Da ɗinkin hula take samun na cefane, kuma idanunta sun soma gajiya. Kwandon wakafi shi ne abincinta, kowa ya sani, kuma tsawon shekarun da na yi a rumbu ba wanda ya taɓa faɗa.

Ranar ɗaya ga wata jakin ya shigo lungunsu da hantsi. Ya wuce ƙofar farko bai tsaya ba, ya wuce ta biyu da ta uku, duk gidajen zuriya ne, matan suna leƙowa ta tagogi. Ya je ya tsaya a ƙofarta ita kaɗai, da kwando wanda ya ninka na da girma. An ce ta fito ta karɓa da fara'a, ta tambayi mai jakin lafiyar iyalinsa, ta sa aka shigar mata da shi.

Washegari na farke ɗinkinta, wanda na sani da ƙanƙantar sawun allura. Shinkafar tana nan ba a taɓa ko ƙwaya ba. A bisanta an ɗora alewa mai yawa a naɗe cikin kaba, da kwalbar ruwan wardi, da furannin yasmin a zube. A wurinmu ba a maido da kwanon kyauta haka nan, kuma tunda kwandon ya daina zama haƙƙin kowa ya zama kyauta ga wasu, ta ɗauke shi a matsayin kyauta, ta rama da abin da ya fi. Sauran gidajen da aka ware, da suka ji abin da ta yi, su ma suka maido da nasu. A watan nan wakafin mabuƙata bai ciyar da kowa ba, sai ma riba da ya ci daga hannun mabuƙatan.

Fadhil ya ce fushin tsofaffi ne, zai wuce. Wata na biyu alewar ta ƙaru. A makon nan ne na bi ta gaban kantin da ke sayar wa masu yawon buɗe ido tsofaffin kaya, na ga farantan tangaran masu shuɗin zane a jere cikin gilashi. Na san su. Tun ina yaro nake ganinsu a alkukan bangon ɗakinta, waɗanda jiragen Mwenye Kombo suka zo da su. Na je na gaya wa Fadhil, domin sharaɗin wakafi ya hana ni maganar kwando ne, bai hana ni maganar faranti ba.

Muka tafi tare da yamma. Ta karɓe mu a zaune, bayanta a miƙe, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu saboda rama. Rabin alkukan da ke bayanta fayau suke, an share ƙurarsu tsaf. Ta zuba mana gahawa.

"Shangazi," Fadhil ya ce, wato gwaggo a harshenmu, "na zo ne a kan maganar kwando."

"Alewar ba ta yi ba ne? Na gaya wa mai yin ta kada ya tsuke hannu da man shanu."

"Ba alewar ba ce. Me ya sa kike maido da abincin?"

"To me zan yi da shi, ɗan yayana? Ni kaɗai ce. Buhun da ke ɗaki ma ƙwari na neman fin ƙarfina. Ka kai wa masu buƙata, ai an ce kai ka san su ɗaya bayan ɗaya."

"Haƙƙinki ne. Kakanmu ya bar shi don ku."

"Don mu wa?" ta tambaya a hankali.

Ta jira shi sosai, don ba ta da gaggawa.

"Sha gahawarka tana hucewa," ta ce. "Lokacin da nake wanke maka gindi ba ka da wannan yawan magana. Mombasa ce ta koya maka?"

"Na ga farantanki a kanti."

"Sun tsufa ne. Ni ma in da mai saye da an kai ni. Bwana Sudi, kai ma ka koma leƙen kantuna? Da can na san ka da kamun kai."

Na ce mata hanya ce ta bi da ni. Ta ce hanyoyin garin nan sun lalace.

Da muka fito Fadhil ya tsaya a lungu ya jingina da bango. Ya fahimci abin da ya yi, amma shi ma jikan Mwenye Kombo ne, kuma ya yi maganarsa a gaban dattawa an shafa fatiha. Komawa ya ce ya yi kuskure ya yi masa nauyi kamar yadda cin shinkafar ya yi wa tsohuwar. Na duba su biyun na ga jini ɗaya ne, sai na soma tunanin wanda za a fara yi wa sallah.

Bwana Abudi ne ya raba gardamar ba da niyya ba. Ya dawo daga Maskat, matarsa ta gaya masa wata biyu jaki bai tsaya a ƙofarsu ba. Ya iso rumbu da sandarsa, tsoho mai ƙiba, yana haki.

"Kai yaro, wa ya cire ni daga zuriya?"

"Ba wanda ya cire ka, Baba. Kai ba mabuƙaci ba ne."

"Na tambaye ka? Jakin nan ya tsaya a ƙofar kakana, ya tsaya a ƙofar ubana. Yanzu surukaina na Shela suna tambaya ko dama mu ba 'ya'yan gidan ba ne, an dai yi mana kara ne. Jikata za a aura bayan Mauludi. Ka maido mini da kwandona, ko in kai ka gaban alƙali, ga akawunsa nan a tsaye."

Na tuna masa cewa na yi ritaya. Ya ce bai ga alama ba.

Kafin mako ya ƙare masu hali na zuriyar suka yi ta zuwa da irin wannan ƙara, kowa yana jin an taɓa asalinsa. Fadhil ya koma dakali ya shaida wa dattawa cewa, bisa matsin iyayensa, ya janye. Ban taɓa ganin mutumin da aka fi ƙarfinsa yana murna kamar shi ba.

Wata na uku jakuna suka tsaya a kowace ƙofa kamar da. Gidajen da suka yi zuciya suka koma maido da yashinsu shiru. Na farke ɗinki mai ƙananan sawu ina addu'a. Shinkafa ce, da alewa, da ruwan wardi. An riga an nuna ta da yatsa sau ɗaya, kuma ta ƙudura cewa ba za ta sake taɓa kwandon ba har ta mutu, abin da, bisa ga yadda ta rame, ba zai ɗauki dogon lokaci ba. Ban faɗa wa kowa ba, amma ruwan wardi ba ya jin sharaɗin wakafi. Mai jakin ya shaƙi ƙamshinsa tun daga lungu har rumbu, gari kuma ya shaƙa daga bakinsa.

Bayan kwana kaɗan Bwana Abudi ya aiko a kira ni da Fadhil, ya ce mu raka shi gidan Zuhura, yana son shaidu. Shi da ita 'ya'yan wa da ƙani ne, gida ɗaya suka tashi, kuma ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"Ikon Allah," ta ce da ta gan shi yana hawa matakala da ƙyar. "Wa ya mutu?"

"Ni ne na kusa, a matakalarki. Ba ni kujera, 'yar tsohuwa."

"Mai ƙarfi ko mai kyau? Ba ni da wadda ta haɗa biyun da za ta ɗauke ka."

Ya zauna, ya ƙi gahawa, ya dafa sandarsa.

"Zuhura, ƙara na kawo. Kin hana ni shiga kasuwa."

"Ni? Ina ruwana da kasuwa?"

"Duk inda na bi sai in ji ana cewa, ga Zuhura tana maido da shinkafa har da alewa, ga Abudi mai jirage yana maido da yashi. Da can ana zagina a ɓoye, yanzu har yara. Kin tona mini asiri."

"To ka maido da shinkafar mana. Wa ya riƙe maka hannu?"

"Ba zan iya ba."

"Saboda me?"

Na ga wuyansa ya kumbura, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mutumin nan bai taɓa yarda an riga shi biyan kuɗin gahawa a bainar jama'a ba.

"Ina buƙata," ya ce.

"Ban ji ba. Kunnena ya yi nauyi."

"Kunnenki lafiya lau, muguwa. Na ce ina buƙata. Ni mabuƙaci ne. Jirage na cin kuɗi, masauƙi na cin kuɗi, gidana cike da bakuna. Da kwandon nan nake ƙarasa wata. Ga mai riƙon wakafi, ga akawu, su shaida. In kika ci gaba da abin da kike yi, ni kaɗai za a riƙa nunawa. Ki rufa mini asiri, ki maido da yashi kamar mutane."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta san jiragensa, ta san masauƙinsa, ta kuma san cewa maganar da ya yi a gaban shaidu biyu za ta riga shi isa gida. Leɓenta ya ɗan motsa, sai ta gyara mayafinta.

"Haka abin ya kai, Abudi?"

"Haka ya kai."

"Tun muna yara kake cinye rabonka ka dawo kana kallon nawa." Ta juya wajen Fadhil. "Ka ji ko? Ga irin mutanen da ka so ka hana. Da ka kashe mini ɗan'uwa da yunwa." Ta sake duban Abudi. "Shinkafar za ta yi mini yawa, sai dai in riƙa ba kaji. Amma ba za a ce ina raye aka yi wa ɗan baffana dariya a kasuwa ba. Je ka, na ji."

"Allah ya saka."

"Ka rage ci dai. Mabuƙaci da irin wannan tumbi, ko ni ban yarda ba."

A hanyar komawa Fadhil ya tambaye shi ko da gaske ne. Bwana Abudi ya ce shi bai saba yi wa yara bayani ba. Da muka kai kwanar gidansa sai ya tsaya, ya ce mahaifinsa ya taɓa gaya masa cewa ranar da gidan da ya fi kowa ya daina maido da yashi, ranar yashi zai zama alamar talauci. Ya shige gida. Har yau ban yanke hukunci ba ko hikima ce ta sa gidan ke yin haka ko rowa ce ta samo wa kanta kyakkyawan dalili. Abin da na tabbatar shi ne an cinye shinkafar ko ta wace fuska, kuma maganar "Abudi mabuƙaci" ta bi shi har kabari, yana jin ta yana ɗaga kai.

Farkon wata na huɗu Fadhil ya zo rumbu, ya tsaya a waje har na gama, kamar yadda sharaɗi ya ce. Na farke ɗinki mai ƙananan sawu. Yashi ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba: an wanke shi, an shanya, an tankaɗe da rariya har ya yi laushi kamar garin shinkafa, an zuba furannin yasmin a kai. Haka ta riƙa maido da shi duk wata har ƙarshen ranta, kuma ta ƙara shekaru masu dama, ta yi ƙiba kaɗan, ba ta fasa gaya wa baƙi cewa saboda Abudi take wahalar kiwon kaji ba. Ban taɓa ganin kaza a gidan ba. Farantan ba su dawo ba. Fadhil ya je saye ya tarar wani Bature ya riga shi.

A waccan ranar dai, da na gama farke ɗinkin, na buɗe ƙofa na ce wa Fadhil bayana yana ciwo, ya taimaka ya zubar mini da kwando ɗaya a bayan gini. Ya ɗauka, ya kai bakin tsibin, ya ga furannin, ya tsaya.

"Na wane gida ne wannan?" ya tambaya.

"Yashi ne," na ce. "Ba ya zuwa da suna."

Ya tsince furannin ɗaya bayan ɗaya ya sa a aljihun rigarsa, sa'an nan ya juye kwandon, yana ƙorafin cewa ya fi shinkafa nauyi.